Ranar Da Na Hana Su Wayata

Akwai abu guda da na yi da bakina da yatsana, wanda da Allah zai ba ni dama in koma baya in warware shi, da na ba da duk abin da na mallaka. Ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya ƙarasa fari, amma har yau in na hangi mace ɗauke da ƙwaryar nono ta nufi kasuwa sai in kawar da kai. Zan ba da labarin nan ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Wanda ya zo karantawa don ya gano wace ce matar, ko wace ruga ce, ya ajiye tun yanzu, ba zai samu ba. Sau ɗaya na taɓa faɗin sunan nan a inda bai kamata ba, kuma ya ishe ni.

Ni ba mai zurfin boko ba ne. Firamare na gama, na yi aikin masinja har na yi ritaya, na zauna a garinmu da ke tsakanin Kiyawa da Jahun ina noman gero da wake. Abin da aka fi sanina da shi shi ne cigiya. Kusan shekara talatin na yi ina riƙe da makullin lasifikar masallacinmu. Akuya ta ɓata, ni ne. An yi rasuwa, ni ne. Gobara ta ci rumbun wani, ni zan faɗa don jama'a su je jaje. Cigiya kuwa tana da ƙa'idarta: ka faɗi sunan mutum, da na mahaifinsa ko maigidanta in mace ce, da unguwarsu, da abin da ya same shi, har sau uku. In ka rage wani abu sai a ce ka yi rabin aiki. Na taso a kan cewa ɓoye abin da ya sami ɗan'uwanka yanke zumunci ne, don wanda ba a san ciwonsa ba, ba mai zuwa duba shi.

Da satar dabbobi da ƙwacen babura suka yi yawa a yankinmu, sai ƙungiyar ci gaban garinmu ta buɗe guruf a waya, aka kira shi zauren tsaro. 'Yan garinmu na ko'ina suna ciki, na Dutse, na Kano, har da masu ci-rani a kudu. Aka ce duk wanda aka cuta ya kai rahotonsa wajen mai kula da guruf, shi kuma ya san yadda zai sanar da 'yan sintiri da hukuma. Ba a yi wata muhawara ba aka ce ni ne zan riƙe. 'Yata ta fari, wadda ke aiki a ɗakin kati na wani asibiti a Dutse, ita ta sayo mini waya mai shafawa, ta sa mata makullin yatsa. Babban yatsana kuwa fartanya ta cinye zanensa, sai na dangwala sau uku ko huɗu kafin ta buɗe. Ban iya rubutu da sauri ba, don haka murya nake turawa. A ganina an ƙara mini girman lasifika ne kawai.

Wata ranar damina da hantsi, gero ya fi mutum tsawo, na ji sallama a ƙofar zaure. Wani makiyayi ne da na sani, da matarsa a bayansa. Matar nan ta fi shekara goma tana kawo mana nono da man shanu, har maiɗakina tana kiran ta ƙawa. Mace ce mai fara'a, tun daga bakin layi ake jin dariyarta. Ranar nan ta ja mayafi har kan hanci, ta zauna can gefen tabarma kamar baƙuwa.

Mijin ya ce, "Baba Malam, magana muka kawo mai nauyi. Ni ban san ofis ba, ban san takarda ba. Kai ka yi aikin gwamnati, ka nuna mana ƙofar da za mu bi."

Ya ce jiya da rana tsaka, tana komawa ruga daga talla, mutum biyu suka tare ta a burtalin da ya ratsa gonakin gero. Sun karɓe abin da ke hannunta, sun doke ta, sun kuma yi mata abin da ba zan rubuta ba. An kai ta asibiti, an ba su takarda. Na ce ta faɗa da bakinta in ɗauka a waya don in kai wa hukuma yadda yake. Ta yi magana ƙasa-ƙasa. A ƙarshe ta ce ta gane ɗaya daga cikinsu, ta faɗi sunansa. Ashe ɗan ƙanwar shugaban ƙungiyarmu ne. Na ɗauki hoton takardar asibitin. Da za su tashi sai ta ɗago ido, karo ɗaya tak, ta ce, "Baba, kunyata tana hannunka."

Na ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata."

Ko bakin gari ba su kai ba na danna wayar. Raina a ɓace yake, ina so gari ya tashi tsaye. Na gyara murya na yi cigiya yadda na saba: sunanta, sunan maigidanta, rugarsu da hanyar da ake bi a je, sau uku. Na ce an yi mata fashi da duka, jama'a su je jaje. Na ƙara da cewa ta gane ɗaya daga ciki, don in tsorata su. Ban faɗi sunan yaron ba, ban kuma faɗi ɗaya abin ba, sai nake ganin na riƙe amana. Sannan, don kada wani ya ce ƙage ne, na tura hoton takardar asibitin. Ban karanta ta ba. Turanci ne, kuma rubutun likita, ni dai hatimi na gani da sa hannu, na ce wannan shaida ce.

Kafin azahar 'yata ta kira. Ba ta ko gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ka karanta takardar nan kafin ka saka?"

Na ce, "Rubutun likita wa ke iya karanta shi?"

"Ni ina iyawa, Baba. Rabin mutanen guruf ɗin nan ma suna iyawa. Komai yana ciki. Komai. A wajen aikinmu ko mijin mace ba ma miƙa masa katinta sai ta yarda, kai ka miƙa wa duniya."

Ta dinga gaya mini inda zan danna in goge. Na goge. Ta ce, "Naka ka goge. An riga an turo mini shi daga wasu gurufuna biyu da ba ka ma san da su ba."

A nan ne na fara gane bambancin da ban taɓa tunani a kai ba. Cigiyar masallaci iyakarta bakin gari, kuma kafin la'asar iska ta tafi da ita. Ta waya ba ta da bakin gari, ba ta kuma da la'asar.

Jajen da na kira ya zo, amma ba irin wanda na sani ba. Mutanen da ba su taɓa sayen nonon ko ludayi ɗaya a hannunta ba suka ɗauki babura suka nufi ruga, ba don jaje ba, don su ga fuskarta. Sau ɗaya ta gwada fitowa talla, aka dinga nuna ta da baki, ta juya da ƙwaryarta a cike. A rana ta uku, da rana tsaka, maza sun tafi kiwo, wasu mutum biyu da suka naɗe fuska da rawani suka tsaya da babur a ƙofar bukkarta. Suka ce in ta sake cewa ta gane wani, za su sa wa bukkar wuta da ita a ciki. Ba su tambayi kowa hanya ba. Muryata ce ta kwatanta musu.

Mijin ya dawo wajena. Bai shiga zaure ba, bai karɓi tabarma ba. Ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Baba Malam, mun kawo maka ciwo ka rufe mana, ka ɗauke shi ka kai kasuwa." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari 'yata ta zo daga Dutse. Ita ta shiga wajen matar, suka daɗe su biyu. Da yardar matar da ta mijinta aka shirya a ɗauke ta daga ruga a kai ta wani gida a Dutse, aka kuma haɗa ta da wata jami'ar 'yan sanda da ke kula da irin waɗannan ƙararraki. Mijin ya ce sai na raka su. "Kai ka ɓata, kai za ka raka." Haka na zauna a gaban mota, ba wanda ya yi mini magana har muka isa. Jami'ar ta kwafi muryar daga wayata, ta ce ta asalin in bar ta yadda take, kada in goge, kada in tura wa kowa, don kotu tana iya nema. Ke nan na dawo gida da abu uku: muryar da ta ambaci sunan yaron a cikin wayata, da gidan da take ɓoye a cikin kaina, ga kuma sabuwar lambarta da aka ajiye mini a wayar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ce shugaba yana kiran taron gaggawa a wani aji na firamare. Shugaban nan dillalin hatsi ne, kuma sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki. Shekara sittin yana tsokanata da Sarkin Shela, ni ina ce masa Sarkin Tiya. Na shiga na tarar da dattawa da matasa sun cika bencina, an bar mini kujera ɗaya a gaba, kusa da allo, kamar ɗalibin da ya yi laifi.

Ya fara da dariya. "Sarkin Shela, ka tayar da gari ka koma ka yi shiru. Ka ce ta gane mutum ɗaya. Yanzu kowa kallon ɗan maƙwabcinsa yake. Saka mana muryar nan kowa ya ji. In gaskiya ce mu san abin yi, in kuskure ta yi mu wanke yaron mutane. Sannan ka faɗa mana inda aka kai ta, mu tashi tawaga mu je. Abin da za a gama a zaure me ya kai shi kotu?"

Na ce, "Alhaji, ba zan saka ba, kuma ba zan faɗa ba."

Wani dattijo da na san zuciyarsa fara ce ya ce, "Haba Malam, jaje fa za mu je, ba yaƙi ba."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, jajen farko ma ni na kira shi. Masu rawani a fuska ne suka riga kowa zuwa."

Shugaba ya daina dariya. Ya ce guruf na ƙungiya ne, ƙungiya ce ta naɗa ni, don haka duk rahoton da aka kawo mini na ƙungiya ne. Na ce riƙon guruf nasu ne, in sun so su karɓa yanzu. Amma muryar nan ta mai ita ce, aro ta ba ni don in kai wa hukuma, kuma na kai.

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ikon Allah! Wai yau Baba ne mai sirri? Wa ya fara watsa takardar?"

Aka kwashe da dariya. Na bari suka gama, sannan na miƙe na juya na fuskance su. Na ce, "Ni ne. Ni na watsa, ba wanda ya sa ni. Na cuci baiwar Allah da bakina, kuma ban san ranar da zan gama biya ba. Don haka ne ma ba zan ƙara ba. Wanda ya taɓa faɗawa rijiyar nan ni ne, ba ku ba, na san zurfinta. Kuma tunda kuna son gaskiya: a guruf ɗin nan aka ji kwatancen rugar. Wanda ya kai wa masu babur labari yana cikinmu, wataƙila ma yana zaune a kan bencin nan. Shi za ku ce in karanta wa adireshinta?"

Ban kalli shugaba ba da na faɗi haka, kuma har yau ban ce shi ne ba. Amma na ji numfashinsa ya sauya.

Wayar tana aljihun gaban rigata, kanta ya leƙo. Ban ankara ba wani ƙato da ke kusa da ni ya zare ta ya miƙa wa shugaba. Ya shafa, ya juya ta, ya sake shafawa. Ta ƙi. Ya miƙo mini ita ya ce, "Sa yatsa."

Na zura hannayena biyu cikin babbar riga na harɗe su a ƙirji.

"Malam, sa yatsa, kada mu yi abin kunya da girmanmu."

Na ce, "Sarkin Tiya, wayar tana hannunka, ka tafi da ita in ka so, ka kai wa masu gyara na kasuwa. Amma ka sani hukuma ta san abin da ke ciki, kuma ta san a hannun wa take. Yatsan nan kuwa nawa ne. Sai dai ka yanke shi, kuma ko ka yanke, sai ka dangwala sau huɗu, don ni ma ba ta cika gane ni ba."

Wasu suka yi dariya, amma wannan karon ba ni suke yi wa ba. Dattijon nan mai farar zuciya ya tashi da ƙyar, ya karɓi wayar daga hannun shugaba, ya saka mini a aljihu da kansa. Ya ce, "A ba mutum kayansa. Mu ma muna da 'ya'ya mata." Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ba su bar ni haka ba. Ina tsaye sakataren ƙungiya ya danna wayarsa, na ji wayoyin aji suna ƙara ɗaya bayan ɗaya: an cire ni daga guruf. Bayan kwana biyu aka aiko a karɓi makullin lasifika, wai muryata ta tsufa. Na ciro shi daga igiyar da yake rataye kusan shekara talatin na miƙa, ban ce a yi haƙuri ba. An daina ba ni wuri a majalisar bakin kasuwa. Shugaba ya daina amsa sallamata. An aiko mini mutane har sau uku, wani da lallashi, wani da gori, wani ya ce in tuna ni ma a garin nan za a binne ni. Na ce na tuna, kuma ni kaɗai za a saka a ramin. Maiɗakina ma ta tambaye ni inda ƙawarta take, don ta aika mata da sabulu da turare. Na ce ta ba 'yarmu ta kai. Ta yi fushi na kwana biyu, ta huce.

Ba wanda ya kai ga matar nan. Ranar da aka kira ta ta tsaya a gaban alƙali ta faɗi abin da ta faɗa a zaurena, ba ta sauya ko kalma ɗaya ba, hukuma kuma ta yi aikinta. Amma kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Ba ta sake ɗaukar ƙwarya a garinmu ba. Kafin kaka suka kwashe bukkokinsu suka kora shanunsu, ban tambayi inda suka nufa ba. Na aika 'yata ta roƙa mini gafara. Amsar da ta kawo ita ce, "Ki ce wa Baba na ji abin da ya yi a makaranta." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ban kuma da bakin da zan matsa.

Bara, ina cikin motar haya za ni Jahun dubiya, wani fasinja da ban taɓa gani ba yana ta kunna saƙonnin wayarsa a fili. Kwatsam na ji an gyara murya an yi sallama. Muryata ce. Sunanta, sunan maigidanta, hanyar ruga, sau uku. Bayan duk shekarun nan tana nan tana yawo, ba ta tsufa ba, ba ta gaji ba. Na dafa gwiwarsa na ce, "Malam, don Allah goge wannan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, mene ne naka a ciki? Turo mini aka yi."

Na ce, "Muryata ce."

Ya goge a gabana, na yi masa godiya. Na goge ɗaya ke nan. Sauran nawa ne, Allah kaɗai ya sani.

Har yau ba a mayar da ni guruf ba, ban kuma roƙa ba. In aka sake tsare ni a ajin nan gobe, hannuna cikin riga zai koma. Abin da na koya da tsufana shi ne, wanda aka zalunta shi ke da labarinsa, shi zai ce wa zai ji, wa ba zai ji ba. Kyakkyawar niyya ba ta ba ka izinin da mai abu bai ba ka ba. Ina roƙon duk wanda ke riƙe da guruf, ko shafi, ko wata hanya da mutane ke kawo kukansu, kada ya maimaita abin da na yi. Kada ka saka suna, kada ka saka hoto, kada ka kwatanta gida, kada ka tura takardar da ba ka karanta ba, wadda ka karanta ma kada ka tura. Ka kai wa wanda zai yi aiki da ita, ka rufe bakinka, ko da duk gari zai juya maka baya. In kuma wata rana aka turo maka muryar wani tsoho yana kiran sunan wata mai nono sau uku, kada ka ƙarasa ji. Ni ne. Ka goge.